Wai dole ne sai dai Linux ya zama mai sauƙi KO mai ba ka iko, ba za a haɗa biyun ba?

Auwal93 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya da ta daɗe tana cina, don Allah masana ku yi haƙuri idan ta yi tsawo.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 nake neman mafita, don laftof ɗina ba ta da TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke nema, kuma lafiyarta ƙalau ba abin da ya same ta da zan ce sai na canza. Sai na ɗora wani nau'in Linux mai zuwa da GNOME, wato fuskar allon da ake aiki a kanta. Gaskiya ɗorawar ba wahala, wayfai ya kama, firinta ta yi aiki ba tare da na nemo direba ba, abin har ya ba ni mamaki. Amma da na zauna zan gyara shi yadda nake so sai na ga babu maɓallin sauke taga ƙasa, na rufewa kawai ake gani, ba a ajiye fayil a kan fuskar allo, kuma cikin saiti na duba ko'ina ban ga inda ake canza salon rubutu ba. Da na yi tambaya a wani wuri sai aka ce min ai in kana son iko sai ka koma Arch, wani nau'in Linux ɗin daban. Na leƙa jagoran ɗora Arch ɗin na ga da hannu ake raba diski, da hannu ake rubuta komai a baƙin allo, ni kuma aiki nake da shi ba zan iya kwana a kan wannan ba.

To tambayata ita ce, me ya sa abin ya rabu gida biyu haka? Wannan ya yi sauƙi amma ya ɓoye komai, wancan ya ba ka komai amma sai ka zama injiniya. Ba manhaja mai 'yanci ba ce? Ina ce 'yancin shi ne in yi yadda nake so. Akwai na tsakiya ne ko dai haƙuri zan yi da ɗaya?

Malam_Debian ya rubuta:

Wa alaikumus salam Auwal. Sannu da shigowa, kuma tambayarka ba sabuwa ba ce, rigimar da ta fi shekara goma ana yi ce kawai ka faɗo tsakiyarta.

Fara da maganin abin da ke gabanka tukuna. Maɓallan nan ba cire su aka yi ba, ɓoye su aka yi. Ka ɗora wata ƙaramar manhaja mai suna GNOME Tweaks, a ciki za ka kunna su, a nan kuma ake canza salon rubutun. Ko ka buɗe taminal, wato baƙin allon da ake rubuta umarni, ka rubuta wannan layin:

gsettings set org.gnome.desktop.wm.preferences button-layout ':minimize,maximize,close'

kana danna enta za ka ga sun fito nan take. Ka ga kenan ikon yana nan, hanyar zuwa gare shi ce ba a nuna maka ba, kuma a ganina a nan duk matsalar take.

Asalin abin kuwa daga 2011 ne, lokacin da GNOME 3 ya fito. Kafin nan GNOME 2 yana da sanduna biyu sama da ƙasa, kana jan abu ka ajiye inda ka ga dama. Da na 3 ya zo sai suka sake fasalin gaba ɗaya, har ma a fitowar farko in kana son kashe kwamfuta daga jerin nan na gefe sai ka riƙe Alt kafin zaɓin ya bayyana, in ba haka ba na kwantar da ita barci kawai za ka gani. Mutane suka yi ca, shi kansa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, a shekarar ya bar shi ya koma wata fuskar mai suna Xfce na wani lokaci. Daga wannan fushin ne aka samu MATE, wanda ci gaban GNOME 2 ne kai tsaye, su kuma mutanen Linux Mint suka ƙirƙiro Cinnamon. Ubuntu ma a 11.04 ta kama nata hanyar da fuskarta mai suna Unity, sai a 2017 ta dawo GNOME. Ajiye fayil a fuskar allo da kake nema kuwa a 2018 aka cire shi daga Nautilus, manhajar duba fayiloli ta GNOME, a GNOME 3.28, yanzu sai da ƙarin da ake ɗorawa a kan GNOME ake samunsa, shi ya sa wasu nau'o'in suke zuwa da shi wasu ba sa zuwa.

Amma bari in yi wa masu GNOME adalci duk da ba shi nake amfani da shi ba. Kowane akwatin zaɓi da ka gani a saiti aiki ne a wuyan wani. Sai an rubuta shi, a gwada shi a kunne, a gwada a kashe, a fassara shi harsuna da yawa, a kuma riƙa gyara shi duk lokacin da aka taɓa wani abu kusa da shi. Zaɓi goma masu kunnawa da kashewa kaɗai sun ba ka yanayi 1024 daban-daban, wa zai gwada duka? kuma da yawa daga masu aikin nan sa kai ne, ba albashi ake ba su ba. Don haka in sun ce za mu rage zaɓi mu inganta wanda ya rage, ba girman kai ba ne zalla, akwai lissafi a ciki. Inda nake saɓa musu shi ne sun bar rami a tsakiya: akwai wurin sabon shiga, akwai wurin wanda ya san gsettings da dconf, amma mutum irinka da ya san abin da yake so bai san sunansa a taminal ba, shi aka bari a rana. Ƙarin da ake ɗorawa don cike ramin kuma suna yawan tsayawa idan sabon GNOME ya fito, kuma duk wata shida yake fitowa, a GNOME 45 ma sai da aka sake gyara kusan dukkansu saboda an canza yadda ake rubuta su.

Na tsakiyan da kake tambaya akwai shi. Gwada KDE Plasma ko Cinnamon, su ma fuskoki ne kamar GNOME, ba sai ka je Arch ba.

yaron_arch ya rubuta:

Haba Malam ai kun tsorata shi da Arch ne kawai 😂 tun 2021 akwai archinstall a cikin faifan ɗorawar, tambayoyi yake maka kana zaɓa, harshe, diski, wace fuska kake so, shi kenan ya ɗora. Ni dai abin da na sani duk abin da ke cikin sistem ɗina ni na sa shi, in ya lalace na san inda zan duba, ku kuma naku in ya lalace sai dai ku zauna kuna kallon allo don ba ku san me aka cusa muku a ciki ba. Kuma Arch Wiki ko masu Debian can suke zuwa karatu a ɓoye, ku musa.

Malam_Debian ya rubuta:

Ba mu musa ba ɗana, wikin nan ba shi da na biyu. Amma ɗorawa ba ita ce wahalar Arch ba, riƙonsa ne. Kullum sabbin abubuwa na sauka, wani lokaci sai ka karanta sanarwar shafinsu kafin ka sabunta don akwai abin da za ka gyara da hannu. Kai kana jin daɗin wannan, shi ya ce aiki ne a gabansa.

Hajara.sys ta rubuta:

Ni dai ina ganin kun ɗauki maganar kamar ta yawan maɓallai ce, alhali abin da ya fi damuna a matsayin wadda ke kula da kwamfutocin wasu shi ne, idan mutum zai yi ɓarna me sistem ɗin zai yi masa, kuma idan gwani ne ya san abin da yake yi, ta ina zai wuce.

Ku tuna abin da ya faru a 2021 da Linus Sebastian mai tashar Linus Tech Tips, duniya ta gani a bidiyo. Yana son ɗora Steam, manhajar wasannin kwamfuta, a wani nau'in Linux mai suna Pop!_OS, a lokacin akwai matsala a ƙunshin, shagon manhajar ya ƙi ɗorawa, sai ya koma taminal kamar yadda kowa ke ba da shawara. apt, umarnin da ake ɗora manhaja da shi, ya zubo masa rubutu mai tsawo cewa za a cire muhimman abubuwa, ya ce in ka yarda ka rubuta "Yes, do as I say!" da hannunka. Ya rubuta. Fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta tafi, ya rage baƙin allo. Aka yi ta musu, wasu suna cewa laifinsa ne bai karanta ba, wasu na cewa wa ke karanta wannan tulin rubutun. Abin da masu apt suka yi daga baya shi ne ya burge ni: suka cire wannan tambayar kwata-kwata, yanzu ƙi kawai yake yi, in kuwa da gaske kana son cire irin waɗannan sai ka ƙara --allow-remove-essential da kanka a umarnin. Sabon shiga bai san da ita ba don haka ba zai faɗa ciki ba, gwani kuma ba a ƙwace masa komai ba, kalma ɗaya aka ƙara masa. Haka rm ɗin GNU, umarnin share fayil, yake, in ka ce ya share /, wato tushen duk fayilolin sistem, gaba ɗaya zai ƙi sai ka rubuta --no-preserve-root. Haka Ubuntu ta yi tun farko da ta kulle asusun rut, mai cikakken iko a sistem, ta ce a bi ta sudo, umarnin da ke ara maka wannan ikon.

Kamar murfin da ake sa wa babban makunnin wuta ne, ba a hana ka kashewa ba, sai dai hannunka ba zai buge shi bisa kuskure ba.

Steam Deck, na'urar wasa ta hannu da ta fito 2022, ma misali ne mai kyau, kuma yaron_arch a kan Arch ɗinka aka gina SteamOS 3 ɗin da ke cikinsa. Miliyoyin mutane suna wasa da shi ba su ma san Linux ba ne. Ɓangaren sistem ɗin a kulle yake, karantawa kawai ake yi, amma akwai hanyar shiga KDE Plasma cikakke, kuma in ka matsa sai ka rubuta steamos-readonly disable ya buɗe. Sharaɗin dai shi ne abin da ka ɗora a can da pacman, umarnin ɗora manhaja na Arch, sabuntawa ta gaba tana iya share shi, kuma sun faɗa maka tun kafin ka taɓa. Fedora Silverblue ma kusan wannan tunanin ne, in sabuntawa ta zo da matsala kana zaɓar tsohon yanayin tun daga wurin tashi ka koma.

Inda ni nake ganin an ketare iyaka shi ne idan aka yi maka wani abu daban da abin da ka ce. A Ubuntu 22.04 in ka rubuta apt install firefox abin da zai sauko ɗan ƙunshi ne da zai je ya ɗoro maka snap, wani tsarin ƙunshi daban na kamfanin Ubuntu, haka aka fara yi da Chromium tun 19.10. Suna da hujjarsu, kula da burawuza ɗaya ga duk tsofaffin fitowa aiki ne babba, snap ɗaya ya wadatar da duka, kuma ga mai amfani na yau da kullum Firefox dai ya buɗe. Amma wanda ya rubuta apt ya san abin da ya nema. Su Mint da suka ga haka a 2020, a Mint 20, sai suka toshe snap, kuma ku lura da yadda suka toshe shi: fayil ɗaya ne, /etc/apt/preferences.d/nosnap.pref, a ciki an rubuta dalili, in kana son snap ka kawar da fayil ɗin shi kenan. Su ma sun yanke maka hukunci fa, ba wai ba su yanke ba, bambancin shi ne sun ajiye shi inda za ka gani ka warware.

Don haka Auwal, in kana auna wani nau'i kar ka ƙirga yawan saiti. Duba ko abin da suka zaɓa maka a rubuce yake a wani wuri, ko ana iya juya shi, ko kuma in ka juya sabuntawa za ta mayar da shi ba da saninka ba.

Auwal93 ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam layin nan ya yi aiki maɓallan sun fito. Anti Hajara maganarki ta ƙarshe ce ma ta taɓo wani abu, don jiya na bi wani bayani na canza DNS, wato inda kwamfuta ke neman adireshin shafukan intanet, a fayil ɗin /etc/resolv.conf, ya yi aiki, da na sake kunna kwamfutar sai na tarar ya koma yadda yake. Wannan ba shi ne mayar da abu ba da sanina ba? Kuma wani ya ce min duk laifin systemd ne, wai shi ya ƙwace wa mutane iko, gaskiya ne?

Ɗanlami_GNU ya rubuta:

Kafin a amsa maka ta DNS bari in ce wani abu kan "ba manhaja mai 'yanci ba ce" da ka faɗa a sama, don mutane suna yawan haɗa abu biyu. 'Yancin da Richard Stallman ya fara magana a kai tun da ya sanar da GNU a 1983 guda huɗu ne: ka yi amfani da manhaja yadda kake so, ka karanta yadda aka rubuta ta ka canza, ka raba wa wasu, ka kuma raba wadda ka canza. Babu inda aka ce dole mai rubutawa ya sa maka maɓallin da kake so. Abin da aka ba ka shi ne in ya ƙi, kai ko wani ku ɗauki aikin ku yi naku, kuma hakan ake yi, MATE da Cinnamon da Malam ya ambata ai shi ne.

systemd, wato manhajar da ke tayar da sauran ayyukan sistem in an kunna kwamfuta, ma haka. Lennart Poettering ya fito da shi 2010, Debian ta yanke shawarar ɗaukarsa a 2014 bayan doguwar muhawara, waɗanda ba su yarda ba suka ware suka kafa Devuan, na farkonsu tabbatacce ya fito 2017 kuma har yau yana nan. Masu ƙinsa suna cewa ya haɗiye ayyuka da yawa wuri ɗaya, ga rajistar abubuwan da ke faruwa ba a fayil ɗin rubutu zalla take ba sai da journalctl ake karantawa. Masu sonsa suna cewa rubuta fayil ɗin hidima mai layi goma ya fi rubuta doguwar sikirif ta shel sauƙi, kuma iri ɗaya ne a Debian da Fedora da Arch. Ni na fi karkata ga masu ƙorafin amma ban yarda ya ƙwace iko ba, wurin ikon ya canza, waɗanda suka ƙware a tsohon wurin ne suka ji zafi.

In kana son ganin inda aka ƙwace iko da gaske duba wayar hannunka. Android a kan kanel ɗin Linux, wato zuciyar sistem ɗin, yake, amma a wayoyi da yawa kamfani ya kulle wurin tashi ba za ka iya ɗora naka ba ko da kana da rubutun manhajar a hannu. Saboda irin wannan ne GPL, lasisin manhaja mai 'yanci, a fitowarta ta 3 ta 2007 ta sa sharaɗin hana kullewa, Linux kuma ya tsaya a ta 2. To wannan shi ne kulle, ba ɓoye maɓalli ba.

Mu ma masu tsauri wani lokaci sai mun sassauta. Shekaru Debian ba ta sa famwaya, wato 'yar manhajar da sassa irin su katin wayfai ke buƙata, wadda ba ta da 'yanci a faifanta na hukuma, sabon shiga ya ɗora ya tarar wayfai ba ya aiki, ba shi kuma da intanet ɗin da zai sauko da maganin. A 2022 suka kaɗa ƙuri'a, daga Debian 12 ta 2023 ana sa ta a ciki, tana ɗoruwa in na'urarka na buƙata, wanda ba ya so kuma yana iya hanawa tun wurin tashin faifan. Raina bai so ba a lokacin amma ban ga wata hanyar ba.

Hajara.sys ta rubuta:

Auwal buɗe resolv.conf ɗin ka karanta layukan farko masu alamar #, kusan tabbas za ka ga an rubuta cewa NetworkManager ne ya samar da shi ko kuma systemd-resolved ke kula da shi kar a gyara. To shi fayil ɗin sakamako ne, duk tashi ake sake rubuta shi, bayanin da ka bi na zamanin da ne kafin waɗannan su zo. Wurin canzawa na gaske shi ne saitin hanyar sadarwa, ka shiga wayfai ɗin da kake kai, ɓangaren IPv4, ka kashe DNS na atomatik ka rubuta naka, ko ka yi da nmcli in taminal ɗin ya fara maka daɗi, duk wuri ɗaya suke rubutawa. Irin wannan tarkon ne da grub.cfg, fayil ɗin saitin wurin tashi, shi ma a samansa an rubuta kar a taɓa, /etc/default/grub ake gyarawa sannan a sake samar da shi, a dangin Debian da update-grub.

Fayilolin da naka ne na gaske kuwa ba a taka su haka kawai. A Debian da 'ya'yanta in ka gyara fayil ɗin saiti sai sabuntawa ta zo da sabo, dpkg, mai ɗora ƙunshin, zai tsaya ya tambaye ka ka riƙe naka ko ka karɓi nasu ko a nuna maka bambancin, in ka danna enta kawai naka ne ke zama. A Arch ba ya tambaya, yana ajiye sabon a gefe da .pacnew a ƙarshen sunan, haɗawar taka ce, kuma in ka bar su suka taru wata rana wani abu zai ƙi tashi.

Shawarata tunda aiki ne a gabanka: sa Mint Cinnamon da wani mai KDE Plasma a filashi, tashi kwamfutar daga kai ba tare da ka ɗora ba, ka yi abubuwan nan uku da ka lissafa a kowanne ka ga wanne hannunka ya fi saurin samu. Plasma saitinsa yana da yawa har ya kan rikita mutum amma akwai wurin bincike a sama, rubuta abin da kake nema kawai. Duk wanda ka zaɓa, kafin ka fara taɓe-taɓe kunna Timeshift ya ɗauki hoton sistem ɗin, a Mint yana zuwa a ciki. Ka sani dai a yadda yake zuwa ba ya haɗawa da fayilolinka na cikin /home, waɗannan sai ka kwafe su daban.

yaron_arch ya rubuta:

maganar .pacnew ɗin nan gaskiya ce Anti, akwai pacdiff a cikin pacman-contrib shi ke nemo su duka ya nuna maka ɗaya bayan ɗaya. Auwal in ka gwada Plasma ɗin ka dawo ka faɗa mana nawa RAM ɗin laftof ɗin, in 4GB ne gara ka haɗa da Xfce a gwajin.